Don me muke cewa "lafiya lau" ko da muna kwance?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni a Legas na tashi, bana ne na dawo Kano karatu, ina zaune a gidan baffana. Abu biyu ne suka dame ni. Na farko doguwar gaisuwar nan: ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, kuma kowa amsarsa ɗaya, lafiya lau, har wanda yake kwance a asibiti. Wannan ba ƙarya ba ce da ɓata lokaci? Na biyu, shekaranjiya na wuce baffa da abokansa suna zaune a ƙofar gida, na ɗaga musu hannu na ce sannunku, na shige. Tun daga ranar ya ɗaure mini fuska. Ni kuwa ban ga laifina ba, ai na gaishe su.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya, ba ka bar abin yana cin ka a ciki ba. Na daɗe ina koyar da harshe da al'adun Hausa, kuma da wuya shekara ta wuce ban sami ɗalibi mai irin damuwarka ba, galibi waɗanda suka tashi a Kudu ko a bariki ko a unguwannin ma'aikata inda ba a zaman ƙofar gida. Tambayoyinka biyu ne, amma jijiyarsu ɗaya: ka ɗauka mai gaisuwa labari yake nema. Abin da gaisuwa take yi a wurinmu shi ne ta shaida wa mutum cewa an gan shi, an san matsayinsa, an kuma lura da halin da aka same shi a ciki. In ka riƙe wannan, sauran duk za su warware maka.

Ka saurari kalmomin da kansu. Bahaushe ba shi da gaisuwa guda ɗaya da yake jefa wa kowa a ko'ina. Wanda ka tarar yana noma ko ɗinki ko wanki, sannu da aiki. Wanda ya sauka daga mota, sannu da hanya, ya aka baro mutanen can. Wanda ke zaune a inuwa, sannu da hutawa. Ɗan kasuwa, ya kasuwa. Ɗalibi, ya karatu. Mai azumi, ya ibada, in rana ta faɗi kuma barka da shan ruwa. Mai unguwa ko shugaban wurin aiki, ya fama da jama'a. Amarya, ya baƙunta. Mai juna biyu ba a ambatar cikin kai tsaye, sai a ce ya nauyin jiki, Allah ya raba lafiya. In ta sauka, barka da arziki, Allah ya raya, mata kuma su tambaye ta ya ruwan zafi, saboda wankan jegon da take yi. Wanda aka yi wa sata ko ya yi gobara jaje ake yi masa, Allah ya mayar da alheri. Wanda aka yi wa rasuwa, ya haƙuri. Ba yadda za a yi ka zaɓi wadda ta dace a cikin waɗannan sai ka dubi mutumin tukuna. Dole idonka ya sauka a kansa, ka ga gumin goshinsa ko ƙurar ƙafarsa ko jan idonsa, sannan bakinka ya buɗe. Shi ma da ya ji abin da ka ce, ya san ka dube shi.

Kalmar "sannu" ita kanta abar tsayawa ce. Asalin ma'anarta a hankali, shi ya sa ake cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. In yaro ya yi tuntuɓe a gabanka, ko tsohuwa ta sarƙe da ruwa, sannu za ka ce, alhali ba kai ka jawo ba. Cewa kake na ga abin da ya same ka, bi a hankali. "Barka" kuwa daga Larabci ta zo, 'yar'uwar albarka ce, don haka wurin murna take zuwa: barka da sallah, barka da zuwa, barka da asuba. Shi ya sa marar lafiya sannu ake yi masa muddin yana kwance, sai ranar da ya miƙe a yi masa barka.

To zo mu dubi amsoshin da ka kira ƙarya. Ina gajiya? Ba gajiya. Ina aiki? Da godiya. Ina labari? Sai alheri. Ya sanyi? Lokacinsa ne. Ya ruwa? Ya yi gyara. Ya jiki? Da sauƙi. Ya haƙuri? Da godiya. Jera su ka duba, za ka ga duk hanya ɗaya suka bi: godiya ga Allah da kyautata zato. Manomin da ruwa ya kwantar masa da gero zai ce maka ruwa ya yi gyara, ba don bai ga gonarsa ba, sai don ba ya son ya buɗe baki da kushe abin da Allah ya saukar. Mutanenmu sun yarda fata nagari lamiri ne, kuma ba sa son fara yini da ƙorafi.

Ƙarya kuwa ita ce ka faɗi abin da ba haka yake ba don wani ya gaskata. Wanda ya je dubiya asibiti ya ce ya jiki, aka ce masa da sauƙi, yana kallon robar ƙarin ruwa a hannun majinyacin. Wa aka ruɗa? Dukansu biyu sun san abin da ake ciki. Mai dubiya ya ce na zo, na damu da kai. Majinyaci ya ce na gode, ban yanke ƙauna ba. Sai a rufe da Allah ya ƙara sauƙi. Ka kuma tuna kalmar "lafiya" ta fi ƙarfin lafiyar jiki kawai. Ita ma daga Larabci take, al'afiya, kuma da ita muke cewa zaman lafiya, sauka lafiya, rabuwa lafiya. Mutumin da ya kwana da zazzaɓi, amma gari ya waye masa da ransa, gidansa bai ƙone ba, ba a tashe shi da labarin mutuwa ba, yana da lafiyar da zai gode a kanta. In ya ce lafiya lau, gaskiya ya faɗa, sai dai ba duka gaskiyar ba.

Sauran gaskiyar tana da ƙofar da take shigowa, kuma nan ne nake so ka fi sa kunne, don nan ne amfanin tsawon gaisuwar yake. Amsar da kake jin kamar iri ɗaya ce, ba iri ɗaya ba ce. Akwai lafiya lau da ake faɗa da sakin murya. Akwai lafiya dai. Akwai to, da godiya. Akwai muna nan dai. Akwai alhamdu lillahi da ake ja a hankali, ana kallon ƙasa. Akwai kuma lafiya, ba lau ba, wadda ita kam an buɗe maka ƙofa ke nan. Dattijon da ya iya gaisuwa, in yana jero ya gida, ya yara, ya mai jiki, ya kasuwa, ya mutanen ƙauye, kamar mai bin ɗakunan gida ne yana ƙwanƙwasa kowace ƙofa. A ɗaya daga ciki zai ji murya ta sauka, ko amsa ta yi jinkiri. Ba zai ce komai ba a lokacin. Zai bari a zauna, a kawo ruwa, baƙo ya sha, a sake sabuwar gaisuwa, don a wurinmu ta tsaye daban, ta zaune daban. Sannan ya ce, "Lafiya dai ko?" Wannan ita ce tambayar neman labari, kuma kowa ya san ta in ta zo. Haka in ka buga wa mutum ƙofa da tsakar dare, ba zai ce maka ina gajiya ba, "Lafiya?" kawai zai ce, kuma amsa ta gaske yake jira.

Me ya sa sai an yi wannan zagaye? Saboda rufin asiri. Mutumin da abinci ya ƙare a gidansa, ko aurensa ke rawa, ko bashi ya taso shi, ba zai tsaya a bakin titi ya zazzage cikinsa ga duk wanda ya ce masa ina kwana ba. Gaisuwa ta ba shi mayafi: zai iya amsa wa mutum ɗari lafiya lau ya wuce da mutuncinsa, ya kuma zaɓi mutum ɗaya da zai sassauta wa murya. Haka ma mai kawo mummunan labari. Ba ya faɗowa gida ya ce wane ya mutu. Zai gaisa, ya zauna, ya ce jikin wane fa ya yi tsanani, ya ɗan saurara, sannan ya ce sai haƙuri. A 'yan daƙiƙun nan zuciyar mai sauraro ta riga ta shirya. Ni ban san wata hanya da ta fi wannan tausayi ba.

Amma ba zan ɓoye maka ba, akwai inda abin yake cutarwa. Ma'aikatan asibiti a ƙasar Hausa sun san in suka ce ya jiki, da sauƙi za a ce musu ko da mutum ba ya iya zama, don haka sai sun sake da me ke damunka, ina ne ke maka ciwo, tun yaushe. Na kuma ga gidajen da ɗansu yana nesa, kullum ya kira a ce masa jikin Baba da sauƙi, shi kuma ya tsaya a nan bai ƙara tambaya ba, har sai da aka kira shi jana'iza. Wannan yana ƙona mini rai ƙwarai. Laifin na tsayawa a bakin ƙofa ne. In kana da majinyaci, bayan an ce da sauƙi ka tambaya: yana cin abinci? Yana tashi da kansa? Me likita ya ce? Masu jinya su ma su ji tsoron Allah su faɗa wa wanda yake da haƙƙin sani.

Kafin in zo kan baffanka, sai na raba maka abu biyu da mutane ke haɗawa: sallama da gaisuwa. Sallama ta addini ce, ita ce a gaba, kuma tana da hukunci. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 86, Allah ya yi umarni in an gaishe mu mu amsa da abin da ya fi kyau ko mu mayar da irinsa. A Suratun Nur, aya ta 27, an hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi wa masu gidan sallama. Daga nan ne al'adar tsayawa a zaure ta sami gindin zama, a aika yaro ya ce ana sallama da maigida. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya faɗa a fili cewa fara sallama sunna ce, amsa ta kuwa wajibi, kuma in mutum ɗaya ya amsa a cikin jama'a ya ɗauke wa sauran. A hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda ya ce assalamu alaikum an ambata masa lada goma, wanda ya ƙara wa rahmatullah ashirin, wanda ya cika da wa barakatuhu talatin. Hadisin Abu Huraira kuma ya tsara wanda zai fara: na kan abin hawa ya yi wa mai tafiya a ƙasa, mai tafiya ya yi wa na zaune, kaɗan su yi wa masu yawa, yaro ya yi wa babba.

Auna kanka da wannan. Kai ne mai tafiya, su suna zaune. Kai kaɗai ne, su suna da yawa. Kai ne yaro. Ta fuska uku farawa a kanka take, kuma ka fara, wannan na yaba maka. Sai dai sallamar ba ka yi ta ba, gaisuwar kuma ka yi wa iyayenka irin wadda ake yi wa abokai. Ɗaga hannu ana tafiya na tsara ne, ko na wanda ke kan babur ba halin tsayawa. Abin da hannunka ya faɗa musu shi ne, na gan ku, kuma ni da ku ɗaya ne. Na san ba haka ka nufa ba, amma haka aka ji.

Akwai kuma abin da ba ka gani ba bayan ka shige. Dole ɗaya daga cikin dattawan nan ya juya ya ce, "Alhaji, wannan yaron na gidanka ne?" Baffanka kuma dole ya amsa, ɗan ɗan'uwana ne. A ƙasar Hausa gaisuwar yaro shaidar gidansu ce. Da ita ake auna tarbiyyar da aka ba shi, kuma in an tashi binciken aure, cikin abubuwan da maƙwabta ke fara faɗa akwai "yaron kirki ne, ba ya wuce mutane" ko kuma "ko gaisuwa bai iya ba". Kunyar da baffanka ya ji ba tasa ba ce shi kaɗai, har da ta mahaifinka da ba ya wurin. Shi ya sa fuskar ta ɗauru.

Abin da ake so ka yi ba shi da wuya, kuma bai kai minti biyu ba. Ka rage sauri tun daga nesa, ka yi sallama da muryar da za a ji. Ka matso, ka rage tsawo, ka ce ina wuninku, ko an wuni lafiya. Lura da wannan "an" ɗin: babba ba a cika ce masa "ka" kai tsaye a gaisuwa ba, sai a ce an tashi lafiya, an dawo lafiya, ko a yi masa jam'i. Kada ka riga babba miƙa hannu. In ya miƙo ka karɓa da dama, ka kai hannun ƙirjinka bayan kun saki. Kada ka kafe shi da ido. A wasu ƙasashe kallon tsakiyar ido alamar gaskiya ce, a nan kuwa yaron da ke yi wa babba haka ana ganin tsaurin ido ne. Kuma ba kai za ka jero tambayoyin ba. Yaro yana buɗewa ne, babba ya ɗauka: ya karatu, ya mutanen Legas, ya baƙunta. Kai dai ka amsa, har a ce maka Allah ya yi albarka, ka ce amin, ka tashi. Ko tsakanin manya ma akwai iyaka. Ba a cewa ya matarka, sai ya iyali, ko ya uwargida.

Na san za ka ji ana gardama a kan durƙuso, gara ka ji ta daga tushe. Tsohuwar magana ce. Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko da ya ziyarci daular Mali a 1352, ya ba da labarin yadda mutane ke zuba wa kansu ƙasa a gaban sarkinsu, Mansa Sulaiman. Irin wannan ta kasance a fadojin ƙasar Hausa, ita ake kira hurwa, kuma tana cikin al'adun sarakuna da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soka a rubuce-rubucensa. Akwai hadisin Anas da aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa in sun haɗu, ya ce a'a. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 maganar ta sake tashi da ƙarfi, har ta raba ra'ayi a cikin gidaje da yawa: 'ya'ya suna ganin durƙuso bai halatta ba, iyaye suna ganin an raina su. Abin da babu saɓani a kai shi ne goshi ba ya taɓa ƙasa don wani mahaluƙi. Tsugunawa kusa da dattijon da ke zaune a tabarma, don kada ka tsaya masa a ka, gidaje da yawa ladabi suka ɗauke shi, ba bauta ba, ni ma haka nake gani. In zuciyarka ba ta natsu ba, tambayi malamin da ka amince da shi. Amma ko wanda ya fi kowa tsanani a wannan mas'ala bai ce a wuce iyaye ana ɗaga musu hannu ba. Zama a gefen tabarmar ma ya wadatar.

In kana son ganin nauyin gaisuwa a idon Bahaushe, je ka kalli hawan sallah tunda kana Kano. Hakimai da dawakinsu da jama'arsu gaisuwa ce ta kawo su; su zo a sukwane su ja linzami a gaban Sarki su yi jinjina. A fada, in mutum ya faɗi gaisuwa ya ce Allah ya ja zamanin Sarki, fadawa ne ke amsa masa, Sarki ya gaishe ka. Basaraken da ya daina zuwa gaisuwa kuwa, kowa ya san akwai magana. Abin da na fi so ka lura da shi shi ne Hawan Daushe, washegarin sallah: al'adar ita ce Sarkin Kano da kansa ya bi ta Babban Ɗaki, gidan mahaifiyar Sarki, don gaisuwa. Wanda duk gari ke zuwa gaishe shi, shi ma yana da inda yake zuwa ya gaisar.

Kalmar ta ma wuce ta baki. Abin da ka riƙa a hannu ka kai wa babba sunansa gaisuwa, a neman aure kuma akwai gaisuwar iyaye. Daga nan ne wasu suka sami rigar da suke sa wa cin hanci, su kira shi 'yar gaisuwa. Bahaushe bai jahilci wannan ba; shi ya sa yake da "gaisuwa da roƙon iri" ga wanda ba ya tuna ka sai yana da buƙata. Lalacewar wasu dai ba ta sa a bar abin.

Hanya mafi sauƙi ta gane darajar gaisuwa ita ce ka ga inda aka janye ta. In Bahaushe ya ce "ko gaisuwa ba ta haɗa mu", ko aka ce su wane ba sa ga-maciji, an kai ƙarshe ke nan. Gaba ba ta buƙatar zagi; ka wuce maƙwabcinka ka kau da kai, ka gama faɗa masa cewa a wurinka babu shi. Addini ya san zafin wannan, shi ya sa hadisin Abu Ayyubal Ansari ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, su haɗu wannan ya kau da kai wancan ya kau da kai, ya kuma ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. In dattawa sun gama sulhu tsakanin mutum biyu, kalmar da suke rufewa da ita ita ce "to, ku gaisa". A zaman makoki kuma za ka ga mutum ya taso daga wani gari, ya zo ya ce ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, ya zauna shiru na ɗan lokaci, a yi addu'a, ya kama hanya. Maganarsa duka ba ta kai kalma ashirin ba. Amma masu gidan za su shekara suna tuna ya zo, kamar yadda za su tuna wanda bai zo ba. Zumunta a ƙafa take.

Wannan ya kawo ni kan waya, tunda ku 'yan zamani a nan kuka fi gaisawa. Ba na ƙin ta. Ɗan da ke Saudiyya ko Ingila ya ji muryar mahaifiyarsa kowace safiya, wannan ni'ima ce da kakanninmu ba su samu ba. Amma hoton barka da Juma'a da aka tura wa mutum ɗari a WhatsApp da danna ɗaya, wa aka gani a cikinsu? Wanda aka yi wa rasuwa jiya da wanda aka yi wa haihuwa duk abu ɗaya suka samu. In za ka gaida babba ta waya, kira shi, ko ka yi masa saƙon murya ka ambaci sunan da kake kiran sa da shi. Ta'aziyya kuma, in kuna gari ɗaya kana da ƙafa, ka je.

Ka ce a Legas ka tashi, to ai ka ga yaran Yarabawa suna kwanciya rub da ciki a gaban iyayensu, 'yan mata suna durƙusawa. Ka kuma ji "e ku ishe", wadda ita ce sannu da aiki ba ragi ba ƙari, su ma suna da irinta ga mai zaune da mai dawowa daga tafiya da mai jego. Ke nan abin da ka taho da shi ba al'adar mutanen Legas ba ce, saurin babban birni ne, inda kake wuce dubban mutanen da ba ka sani ba kuma ba za ka sake gani ba. A unguwar baffanka kuwa, mutanen da ke kan tabarmar nan su ne za su fara fitowa in wani abu ya same ka da dare, su ne kuma za a tambaya game da kai.

Maganar ɓata lokaci, ka yi gaskiya a wani wurin. Wanda ya tsare layi a banki ko a asibiti yana jero ya gida ya yara, mutane na jira a bayansa, bai kyauta ba. Al'adar ma ta san uzuri. Mai sauri yana iya cewa sannunku da hutawa, a gafarce ni ina sauri, sai na dawo, kuma ba mai riƙe shi, muddin ya ɗan tsaya ya faɗa, kuma in ya dawo ɗin ya cika. Mai salla ba a gaishe shi sai ya idar, haka wanda ke banɗaki, haka lokacin da liman ke huɗuba. In ka tarar ana cin abinci, gajarta. Za a ce maka bismilla, ka ce alhamdu lillahi, a ci lafiya.

Gobe in Allah ya kai mu, bayan an dawo daga sallar asuba, ka je ƙofar ɗakin baffanka ka yi sallama, ka jira a ba ka izini. Ka zauna ƙasa ka ce, "Baffa, ina kwana, an tashi lafiya?" Ka bari ya gama nasa tambayoyin, ko da a taƙaice ya yi su. Sannan ka ce, "Baffa, a yi mini haƙuri da abin da ya faru rannan, rashin sani ne." Kada ka ƙara bayani, kada ka kawo zancen Legas. Daga nan ka shiga cikin gida ka gaida matansa, ka fara da uwargida. Da yamma kuma, in abokan nasa sun hallara a ƙofar gida, ka fito musamman ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi baffa daga baya yadda ake kiran kowannensu, don jibi ka gaishe su da sunayen.